Linzamin Hagu

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya ɗauki ran maƙwabcina kuma abokina na shekara talatin da ɗaya, wanda kowa a layinmu ya sani da Mai Rediyo. Ya cika a gadon asibiti bayan kwana huɗu yana fama da ƙirji. Mai shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Autarsa ce ta kawo mana labarin. Ina zaune a tsakar gida na ji ta yi sallama, na ji ta fara gaishe da mai ɗakina, sai gaisuwar ta tsinke a tsakiya. Ban jira an faɗa mini sauran ba.

Yau kwana tara. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Hannu ɗaya gare ni mai ƙwari, shi ma ya gaji da karɓar gaisuwar mutane, zuciyar kuwa ba a magana. Amma akwai zance tsakanina da kai, Mai Rediyo, wanda ya kamata in faɗa maka kana raye ban faɗa ba. Don haka da kai zan yi, wanda ya karanta ya saurara daga gefe.

Shagonka ɗan tsukuku ne a bakin layi, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a ƙofa. Tebur ɗaya, fitila ɗaya mai dogon wuya, ƙarfen dalma da ba ya hucewa, da gwangwanaye jere a kan kanta, kowanne da irin notunansa. Tabaranka ƙafarsa ɗaya ta karye tun da daɗewa, ka ɗaure ta da waya, ka ce tunda yana gani babu ruwanka da kyansa. Kunne Allah ya ba ka. A kawo maka rediyo, ka kunna, ka karkatar da kai kamar kaza ta ji motsi, kafin ka kwance noti ɗaya ka faɗi inda ciwon yake. Tsohuwar nan ta ƙarshen layi, wadda rediyonta ya girmi wasu magidantan, sau nawa ka taso mata da shi? Da kayansa suka ɓace a kasuwa, naka na shago ka farke ka cire masa abin da yake buƙata, ka yi wata biyu kana aiki shiru. Lasifikar masallaci, na'urar awon jinin mai ɗakina, fankar tela, duk ta hannunka suka bi. Da zamani ya juya mutane suka koma waya, ka zauna da furfurarka kana koyon gyaran wurin caji, kana gunaguni kana yi.

Ni kuma Rusau kake ce mini, don shekara ashirin da takwas na yi a kan katafila. Na sha gaya maka ni share fili nake yi, ban taɓa taɓa gidan kowa ba, ka ce duk ɗaya ne, har sunan ya bi ni bakin jikokina. Abin da nake taƙama da shi a duniya guda ne, layi. A kafa mini turke nan, a kafa wani can, in tura ƙasa daga wannan zuwa wancan, mai awo ya zo ya ɗora na'urarsa ya rasa abin da zai gyara. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban tara komai ba, amma hannuwana biyu ba su taɓa ba ni kunya ba.

Shekara uku da suka wuce, ina saukowa daga kan katafila da azahar, ƙafata ta hagu ta ƙi karɓata. Na farka a asibiti ɓarin jikina ya shanye. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan har nake takawa da sanda, baki ya koma daidai, amma hannun hagu ya yi zamansa. Yatsu suna motsi, ƙarfin ne babu. Mai gashin ƙashi ya ba ni ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa sau ɗari safe da yamma. Ni da nake juya ƙarfe mai nauyin ɗaki, a miƙo mini ƙwallo! Na wurga shi bayan katanga, ashe gidanka ya faɗa. Ka dawo mini da shi. Na sake wurgawa, ka sake dawowa da shi, ka ajiye a cinyata. A karo na huɗu ba ka dawo da shi ba. Na ce madalla, ya gaji, na juya kujerata na ci gaba da kallon bango.

Bayan kwana goma sai ga ka da kwali a hammata. Ka ajiye a gabana ka buɗe. Katafila ce 'yar ƙarama, tsawonta kamu ɗaya, ta ƙarfe, da sarƙoƙinta biyu da shebur a gaba, ga rimot mai sanduna biyu. Wurin Mai Kemis ka samo ta, mutumin nan na bakin kasuwa mai son tara irin waɗannan motocin, ya ƙona mata ciki ya jefar a bayan shago.

Na ce, "Kayan wasan yara ka kawo mini?"

Ka ce, "Yara ba su iya tuƙa ta ba, Rusau. An ce kai ka taɓa iyawa."

Ka san inda za ka taɓa ni, ka kuwa taɓa.

Ga wanda bai sani ba, katafila ba ta da sitiyari irin na mota. Sarƙa biyu gare ta, kowace da ƙarfinta. In ka tura su daidai ta miƙe, in ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi ta karkata ɓangaren mai rauni. 'Yar ƙaramar ma haka take. Kowace sarƙa da ɗan injinta na lantarki, kowane inji da sandarsa a jikin rimot, babban yatsan dama ga sarƙar dama, na hagu ga ta hagu. Tsakanin batir da kowane inji kuma akwai wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ita ke auna yawan wutar da za ta shiga injin gwargwadon yadda ka tura sanda. Ita ke sa a yi sauri, ita ke sa a yi rarrafe, ita ke juya baya. Tana da sunanta na masu sayarwa, amma kai linzami kake ce mata, mu ma duk muka bi ka. A kan wannan ɗan abin ka ƙarar da shekarunka na ƙarshe.

Linzaman da ka tarar a cikinta na motar tsere ne, Mai Kemis ne ya sa su don sun fi tsada. Ka ce bari in gani da idona kafin ka cire. Na ɗan taɓa sanda, katafila ta zabura kamar akuyar da aka watsa wa ruwa, ta yi karo da randar mai ɗakina. Na ja baya, ta tsaya cik, ta ƙi komawa. Ka ce ai shi na tsere haka yake, jan farko birki ne, sai ka saki ka sake ja sannan ya yarda ya koma baya. Yaya za a yi katafila ta juya a wuri ɗaya, sarƙa ɗaya gaba ɗaya baya, in sai an roƙi kowace sau biyu? Ka cire su ka miƙa wa Mai Kemis kayansa, ka ce ya je ya nemi mota mai taya.

Yadda kake zaɓar linzami, wallahi ko zaɓen suruki albarka. Ba ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba. Sai ka naɗe hannu da tsumma, ka danƙe sarƙa ta kasa motsi, ka ba injin wuta, idonka a kan mitar awon wuta. Ka ce ba a duba wutar da take sha tana yawo a kan siminti, ana duba wadda za ta ja lokacin da ta kafe a yashi da kaya a gabanta, don a nan ne linzami ke ƙonewa. Abin da mita ta nuna, sai ka nemi wanda ya ninka shi. Bayan nan ka kanga kunne ka saurari kukan injin. Wani linzamin yana sa inji tsuwa kamar sauro, wannan ko kyauta aka ba ka ba ka so. Gwajinka na ƙarshe shi ne na shayi. Ka cika kofi fal, ka ɗora a bayan katafila, ka tura sanda a hankali. In ta tashi shayin bai ko girgiza ba, linzamin ya ci. In ya zuba, ka shanye sauran ka mai da linzamin kwali. Mai ɗakina ta ce ita ta lura, kullum da shayinta ake wannan gwajin.

Akwai kuma jar waya. Kowane linzami yana da wayoyi uku sirara da ke shiga akwatin da ke karɓar umarnin rimot, ja daga cikinsu ita ke kai wa akwatin wuta. In linzami biyu ne, ba a barin su duka su kai, don sai su yi ta kokawa da juna. Ka sa allura ka zare ta ɗaya, ka lanƙwasa ta, ka naɗe da salatif. Ba ka yi mini bayani ba, ni kuma ban tambaya ba. Wata rana ina share mata yashi na ga waya a sake, na ce ka ga Mai Rediyo, tsufa ya fara kama shi, ya manta bai haɗa ba. Na yi awa guda da hannu ɗaya da haƙori har na cusa ta. Ina kunnawa sai hayaƙi. Da ka zo ka gani, ka zauna a benci ka yi dariya har ka cire tabarau kana share hawaye, ka ce, "Ka ce ba ka taɓa rushe gidan kowa ba, to ga na farko." Washegari ka zo da wani linzamin a madadin wanda ya ƙone.

Amma dokarka babba, wadda kake yi wa kowa wa'azi a kanta, ita ce tagwaye. Linzamin dama da na hagu dole su zama iri ɗaya, ƙirar wuri ɗaya, in da hali a sayo su rana ɗaya. In suka bambanta, ɗaya zai riga ɗaya tashi, katafila ba za ta taɓa miƙewa ba ko waye ya riƙe ta. Mai Kemis ya kawo maka guda biyu da suka ɗan saɓa, ka kore shi da su. Wasu mutum uku da suka shiga harkar daga baya, duk sun sha wannan karatun har sun haddace. Ni ma na haddace, ina ma taya ka faɗa.

Kai ka kawo katako huɗu ka kewaye mini wuri a tsakar gida, tsawon taki biyar, aka cika da yashi. Ka kafa ƙusa a kowane ƙarshe ka ɗaura igiya. Kullum bayan la'asar sai ka rufe shago ka shigo, ka zauna a benci da ɗan littafinka, ni kuma in bi igiya. Kwanakin farko abin kunya ne. Yatsan dama yana turawa, na hagu yana roƙo, katafila ta yi ta karkata hagu har ta hau katako tun ba ta kai rabi ba. Rana ta shida na ajiye rimot na ce ka ɗauke abarka, na gama. Ka ce to, dama tana buƙatar sabis. Ka tafi da ita kwana biyu ka dawo. Ran nan na tura, ta bi igiya tun daga wannan ƙusa har waccan, ta tara yashi a gabanta, bayanta sumul. Na ƙwala wa mai ɗakina kira ta fito da ludayi a hannu. Rabon da in yi kuka a gaban mutane tun rasuwar mahaifiyata, amma ran nan na yi. Kai kuwa kana duƙe kana rubutu, na ɗauka lokacin ƙarewar batir kake lissafawa.

Haka muka yi shekara biyu da rabi. Duk bayan 'yan watanni ka ɗauke ta sabis. Duk dawowarta sai ta ɗan yi mini taurin kai, ta koma jan hagu. In ce, "Kai Mai Rediyo, gyara kake ko ɓatawa?" Ka ce yashi ne ya jiƙe, ko sarƙa ce ta saki, in ƙara matsawa. In yi ta matsawa ina zaginka a raina, bayan mako biyar ko shida ta miƙe. A cikin wannan lokacin ne na fara ɓalle maɓallin rigata da kaina, na fara riƙe buta da hagu ba ta suɓuce ba. Na riƙa faɗa wa duk wanda ya zo gaishe ni cewa hannuna ya dawo, ga shaida a kan yashi.

Mako bakwai kafin rasuwarka, Mai Kemis ya shigo da la'asar don ya nuna mana sabuwar motar tono da ya sayo. Ya ga tawa a kan yashi, ya ce in ba shi ya ɗana. Mutum ne mai lafiyayyun hannuwa biyu. Ya tura sanduna daidai, katafila ta kama hanyar dama. Ya dawo da ita ya sake, ta sake yin dama. Na yi dariya na ce ai tuƙi ba sayar da magani ba ne. Shi kuma ya ce a'a, wannan da wani abu. Kafin ka miƙe daga benci ya ɗaga murfinta. Linzami biyu, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi, ko girmansu bai zo ɗaya ba.

Ya ce, "Af, Malam, kai da kake korarmu a kan tagwaye? Ai wannan na hagun ko numfashi aka hura masa tashi zai yi. Na daman kuwa sai an tashe shi daga barci."

Ba da mugunta ya faɗa ba, bai san abin da ya buɗe ba. Amma ni na gane nan take. Na dube ka, ka sunkuyar da kai kana murza murfin biro. Duk layin nan da na yi kuka a kansa, duk mutanen da na kira suka gani, ashe linzami ne ke cike mini abin da yatsana ya gaza. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Abin da na faɗa maka ran nan ba zan ɓoye ba, tunda a gaban mutane na faɗa. Na ce na ɗauka aboki gare ni, ashe mai jinya ne aka ajiye mini yana lallashina kamar yaro. Na ce gara ƙwallon roba, shi bai yi mini ƙarya ba. Ka ce, "Kawo ta in sa mata tagwaye." Na ce ka ɗauki abarka ka bar mini gida. Ka ɗauka, ka sa littafinka a aljihu, ka tsaya a bakin ƙofa ka yi tari mai tsawo, ka fita. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe kana tsaye da ƙafafunka. Bayan kwana huɗu ka miƙo wa mai ɗakina kwalin ta ƙofa. Na sa aka ɗora shi a saman kabad ban buɗe ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Mai Rediyo. Kullum da safe ina jin tarinka, ina jin yana ƙaruwa. Mai ɗakina ta ce, "Malam, mutumin nan fa ba shi da lafiya, ka leƙa shi." Na ce gobe. Ta sake faɗa, na ce ai shi ya yi mini laifi, shi zai fara zuwa. Da aka tafi da kai asibiti na ce hawan benen asibitin zai wahalar da ƙafata, in ka dawo gida na shigo. Gaskiya ba ƙafa ba ce. Kunya nake ji, na rasa ta inda zan fara, ga girman kai ya zaune mini a wuya. Ina cikin tsara kalmomin da zan faɗa maka Auta ta yi sallama. A maƙabarta na so in kama makara, aka ce in bari kada in faɗi. Na tsaya a baya da sandata har aka gama.

Kwana biyar da binne ka, Auta ta sake shigowa. Ta durƙusa ta ajiye gwangwani da littafinka a gabana. Ta ce, "Baffa, Baba ya ce in ba ka waɗannan in ka huce. Na ga ban san ranar ba, shi ya sa na kawo." Mai ɗakina ce ta raka ta.

A cikin gwangwanin linzami biyar ne, kowanne da salatif a jikinsa, ka rubuta hagu da kwanan wata. Littafin kuwa babu maganar batir a ciki ko ɗaya. Shafin farko ka rubuta cewa da tagwaye na bar igiya da kamu biyu, ban kai rabi ba. Sannan linzamin hagu na ɗaya, wanda ya fi duka saurin tashi, ka gwada guda goma sha ɗaya kafin ka same shi. Daga nan kowace rana da awonta, taƙi ɗaya, yatsa takwas, yatsa uku, daidai. In na yi mako biyu a jere ina bin igiya, sai ka rubuta sabis. Sabis ɗin shi ne ka cire na hagun ka sa wanda bai kai shi sauƙi ba, don yatsan ya ƙara aiki. Sau biyar ka yi haka. Ashe taurin kan da nake zaginka a kansa da gangan ne, tallafin kake janyewa a hankali ban sani ba. Kai da ba ka yarda a saɓa tagwaye, ka zauna kana neman linzaman da suka saɓa daidai da raunin hannuna.

Shafin ƙarshe kwana huɗu ne bayan faɗanmu. Ga abin da ka rubuta: "Na sa tagwaye. Dama mataki ɗaya ya rage. Ina jin zai kauce da yatsa huɗu. Zai yi fushi. In ya daure, wata biyu zai miƙe."

Washegari da la'asar na sa aka sauko mini da kwalin. Na ɗaga murfi na duba, baƙi da baƙi, iri ɗaya, jar wayar ɗaya a lanƙwashe cikin salatif. Na baje yashin da kaji suka tone, na ɗaura igiya, na sa batir. Na tura. Ta tashi a hankali yadda kake so, ta bi igiya har rabi, daga nan ta fara zamewa hagu kaɗan-kaɗan. Ta kai ƙarshe ba ta hau katako ba. Na rarrafa na auna da hannuna. Yatsa shida. Huɗun naka ne, lissafinka bai taɓa kuskure ba. Biyun da suka hau nawa ne, na mako bakwai da na yi zaune ina fushi.

To ga maganar, Mai Rediyo. Ka ɓoye mini gaskiya, har yanzu kuma ban ce na ji daɗin hakan ba. Amma da ka faɗa mini ita ranar ta shida, da na koma kallon bango, da yanzu wani ke ɓalle mini riga. Ka san ni fiye da yadda na san kaina. Na kira ka mai jinya don in ci maka fuska, ban san sunan da ya fi wannan daraja ba yanzu. Ka yafe mini. Na san na makara, kuma wannan makarar ita ce ta fi komai gajiyar da ni.

Ga mai ɗakinka, wadda ta yi shekara biyu da rabi tana jiran mijinta yana gidan maƙwabta yana kallon yashi, ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, ina miƙa ta'aziyyata da godiyata. Ga 'ya'yanka duka, musamman Auta da ta kwana huɗu a bakin gadonka ta kuma ɗauko saƙon da ya fi ƙarfinta, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa albarka a abin da ya bari. Ga Mai Kemis, wanda ya zo har gida yana ba ni haƙuri, babu laifinka, murfi kawai ka ɗaga. Ga mutanen layinmu, da tsohuwar da rediyonta ya rasa mai shi, mu yi wa juna gaisuwa.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa raunina asiri, ka rufa masa nasa. Yadda ya cika mini inda na gaza, ka cika masa inda ya gaza, ka sa shi cikin bayinka na gari. Mu da muka rage, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani, kuma kada ka bar mu mu kwana da fushin wanda muke so.

Littafinka da sauran shafuka. Kullum bayan la'asar ina fitowa, benci yana nan inda ka bar shi. Yau ma na tura na auna, yatsa shida ne har yanzu. Na rubuta a ƙasan rubutunka. Ka ce wata biyu in na daure, to zan daure. Allah ya jiƙan ka, Mai Rediyo.